Hua Tuo: Likitan Ƙasar Sin Da Ciwon Kan Mai Mulki Ya Yi Ajalinsa

Duk wanda ya taɓa yini a rumfa a kasuwar Gusau, ko a kan kujerar ofis a sakatariyar jiha, ko kuwa riƙe da sitiyari tsakanin Tsafe da Bungudu, ya san irin ciwon kan nan da ke somawa daga ƙeya. Da farko wuya ya riƙe, kafaɗu su yi nauyi kamar an aza musu buhun dawa, kafin la'asar sai mutum ya ji kamar an naɗa masa rawani an tamke. Wani ya aiki yaro kemis, wani ya nemi wanzami ya yi masa ƙaho, wani kuma ya laluba aljihu ya fito da ɗan gwangwanin nan na man shafawa mai sanyi da ake kawowa daga ƙasar Sin, ya murza a goshi da bayan kunne. A ƙasar da man ya fito an yi wani likita, shekara fiye da 1,800 da suka wuce, wanda har yau ba a ambaton sunansa sai an ambaci ciwon kai. Ciwon kai ne ya kai shi fadar mutumin da ya fi kowa ƙarfi a zamaninsa, shi ne kuma ya kai shi kurkukun da bai fito da rai ba. Sunansa Hua Tuo.

An haife shi wajen shekarar 140 zuwa 145 Miladiyya a gundumar Qiao, wadda a yau ake kira Bozhou, a lardin Anhui na gabashin Sin. Mafi yawan abin da aka sani game da shi ya zo ne daga littattafan tarihi guda biyu: Tarihin Masarautu Uku da Chen Shou ya rubuta a ƙarshen ƙarni na 3, da Tarihin Daular Han ta Baya da Fan Ye ya rubuta a ƙarni na 5. Dukkansu sun nuna cewa ba da magani ya soma ba. Almajirin ilimi ne da ya bar gida ya tafi yankin Xu neman karatu, ya ƙware a manyan littattafan da ake buƙata kafin a ba mutum muƙamin gwamnati. Sau biyu muƙamin yana zuwa har ƙofarsa. Chen Gui, mai riƙe da yankin Pei, ya miƙa sunansa, Huang Wan kuma, ɗaya daga cikin manyan fadawan daular, ya kira shi aiki. Duka biyun bai karɓa ba.

Zamanin da ya tashi a ciki zamani ne na rugujewa. Daular Han da ta shafe kusan shekara 400 tana mulki ta tsufa, fada ta cika da makirci, a shekarar 184 kuma talakawa suka yi boren da aka sani da na Masu Rawaya a Ka, saboda ƙyallen da suke ɗaurawa. Daga nan ƙasa ta faɗa hannun shugabannin yaƙi, kowa da yankinsa. Yunwa da annoba suka biyo baya. Wani likita da suka yi zamani tare, Zhang Zhongjing, ya bayar da labarin cewa danginsa sun haura mutum 200, amma cikin ƙasa da shekara goma kashi biyu cikin uku suka rasu, galibinsu da zazzaɓi. A irin wannan ƙasa Hua Tuo ya riƙa yawo gari gari yana duba marasa lafiya, daga gwamna har mutumin da ya tarar yana nishi a gefen hanya.

Abin da ya fi jan hankalin waɗanda suka rubuta tarihinsa shi ne ƙarancin abin da yake amfani da shi. Haɗin maganinsa ba ya wuce 'yan itatuwa kaɗan, kuma ba ya ɗora su a ma'auni, da ido da hannu yake awo. In zai yi aikin allura, wato soka siraran allurai a zaɓaɓɓun wurare a jiki, wuri ɗaya ko biyu ya ishe shi. Kafin ya soka sai ya gaya wa majinyaci inda zai ji abin ya bi ya tsaya, ya ce in ya isa wurin a faɗa masa, da an faɗa sai ya zare. In kuma ƙona busasshen ganye zai yi a kan fata, wanda shi ma tsohon magani ne a wurinsu, nan ma wuri ɗaya ko biyu, sau bakwai ko takwas. Wanda ya saba ganin mai magani ya baje ƙullin sassaƙe ashirin a bakin tasha, kowanne yana maganin cuta arba'in, zai gane dalilin da ya sa marubutan suka tsaya a kan wannan.

Cikin labaran da aka adana akwai wanda ya fi kowanne dacewa da mai fama da kai. Wasu ma'aikatan gwamnati biyu, Ni Xun da Li Yan, suka zo masa tare, kokensu iri ɗaya: kai yana sarawa, jiki ya yi zafi. Ya duba su, ya ba na farko maganin wanke ciki, na biyu kuma ya ba shi na sa gumi. Aka yi mamaki, aka tambaye shi yadda ciwo ɗaya zai samu magani biyu. Ya bayyana cewa alamar ce ɗaya, amma cutar ɗayansu a ciki ta zauna, ta ɗayan kuwa a waje. Kashegari da safe duka biyun suka miƙe. Har yau Sinawa suna kawo wannan labari in suna son nuna cewa sai an san cuta ake ba da magani.

Don a fahimci abin da yake nufi da ciki da waje, sai an leƙa yadda likitancin gargajiya na Sin yake kallon jiki. Tushensa yana cikin wani tsohon littafi mai suna Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa tun kafin haihuwar Hua Tuo. A wurinsu akwai wani ƙarfin rai da suke kira qi, ana furta shi kamar ci, wanda yake gudana tare da jini ta manyan hanyoyi 12 da suka ratsa jiki daga kai zuwa yatsu. Muddin gudun yana tafiya, jiki lafiya lau. In ya tsaya a wani wuri, kamar yadda shara ke toshe magudanar ruwa da damina, nan ciwo yake tashi. Abubuwan da ke toshe shi kuma kashi biyu ne. Na waje su ne iska da sanyi da zafi da danshi, kuma iskar da suke nufi ita ce wadda ke kaɗawa, wadda suka ce ta fi son shiga ta ƙeya da wuya, shi ya sa suka raɗa wa ramuka biyun nan na gindin ƙoƙon kai suna tafkin iska. Na ciki kuwa su ne fushi da damuwa da gajiya da cin da bai dace ba. Sun danganta jijiyoyi da hanta, suka ce fushin da aka haɗiye yana hana qi na hanta walwala, sai jijiyoyi su ɗaure, zafin ya hau kai.

Har wurin da ciwon ya tsaya yana da ma'ana a wurinsu. Na ƙeya da ke sauka wuya da gadon baya hanyarsa daban, na gefen kai da ke bin bayan kunne daban, na goshi daban, na tsakar ka daban. Zhang Zhongjing ya rubuta wani haɗi na musamman, mai ɗauke da saiwar da suke kira gegen, don mai zazzaɓin da wuya da baya suka riƙe masa, kuma ana amfani da shi a Sin da Japan har gobe. Bahaushe ba zai ji wannan magana baƙuwa ƙwarai ba. Shi ma yana cewa sanyi ya shige shi, yana cewa zafi ya taso masa, wanzami kuma yana kafa ƙaho a ƙeya da kafaɗa don fitar da abin da yake kira mataccen jini.

Gaskiya ɗaya dai ba ta ɓoyuwa: masu fiɗa da na'urorin zamani ba su ga waɗannan hanyoyi 12 a jikin mutum ba. Amma abin da tsofaffin suka lura da shi da yatsunsu yana nan. Ciwon kai mai kama da ɗaurin rawani shi ne ya fi kowanne yawa a duniya, kuma likitocin yau sun tabbatar da cewa masu fama da shi naman wuyansu da na kafaɗa da na gefen kai yakan yi tsami in an danna, damuwa da ƙarancin barci da doguwar zama a sunkuye kuma suna tayar da shi. Game da allurar kuwa, bitar da cibiyar Cochrane ta fitar a 2016 ta nuna tana rage yawan tashin irin wannan ciwo da na ɓarin kai ga masu yawan fama da su, ko da yake ratar da ke tsakaninta da allurar gwaji da aka soka a wurin da ba nata ba ba ta da faɗi. Hukumar da ke tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta amince tun 2012 a gwada ta har zama goma ga wanda ciwon ya zame masa na kullum. Su dai likitocin sun kuma gano cewa wanda ke shan ƙwayar kashe ciwo kwana 15 ko fiye a wata, ƙwayar da kanta tana iya zame masa sanadin ciwon kai.

Labarin ma'aikatan nan biyu yana da nauyi na daban a Zamfara. Jihar ce ta fi kowace shan wuya a annobar sanƙarau ta 2017, cutar da ita ma da ciwon kai da riƙewar wuya take sallama. Wuyan da ya riƙe saboda yini a kan lissafi daban, wanda ya sanƙare tare da zazzaɓi mai zafi da amai da ƙin haske daban. Na biyun ba ya jiran tausa ko ƙaho ko man shafawa, asibiti yake so a cikin sa'o'i. Haka ma ciwon kan da ya faɗo farat ɗaya da tsananin da ba a taɓa ji ba, ko wanda ya zo da nauyin harshe ko mutuwar ɓarin jiki, musamman ga mai hawan jini.

Sauran labaran Hua Tuo suna da yawa, wasunsu sai an sa musu gishiri kaɗan kafin su haɗiyu. An ce ya duba Chen Deng, gwamnan Guangling, ya gano tsutsar ciki ce da ya samu daga cin ɗanyen kifi, ya ba shi magani ya amayar da ita, ya kuma gargaɗe shi cewa bayan shekara uku za ta dawo. Ta dawo lokacin likitan ba ya kusa, gwamnan ya rasu. An ce ya gano jaririn da ya mutu a cikin matar wani janar bayan ta haifi ɗan tagwaicinsa. An ce ma wani gwamna da ya ga ba abin da zai warkar da shi sai fushi, ya karɓi kuɗinsa ya ƙi yi masa aiki, ya bar masa takardar zagi ya tafi, mutumin ya fusata har ya yi aman baƙin jini ya samu sauƙi.

Abin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne fiɗa. Littattafan biyu sun ce in cuta ta taru a ciki inda allura da jiƙo ba sa kaiwa, yakan ba majinyaci wani gari mai suna mafeisan a cikin giya, mutum ya fita hayyacinsa kamar matacce, sannan ya tsaga ciki, ya yanke abin da ya lalace, ya wanke, ya ɗinke, ya shafa magani. Cikin kwana huɗu ko biyar zafi ya tafi, cikin wata guda a warke. In haka ne, ya riga duniya da nisa, domin sai a 1804 likitan Japan Hanaoka Seishu, wanda labarin Hua Tuo ne ya zaburar da shi, ya yi fiɗa da maganin sa barci na haɗinsa, sai a 1846 kuma aka nuna irin wannan aiki a bainar jama'a a birnin Boston na Amurka. Wasu masana sun yi shakka. Chen Yinke, masanin tarihi na ƙarni na 20, ya yi hasashen cewa wani ɓangare na labaran ya shigo ne daga Indiya tare da addinin Buddha, aka jingina wa likitan. Haɗin mafeisan ɗin dai ya ɓata, kuma dalilin ɓatansa yana cikin ƙarshen labarin.

Akwai wani abin da ya koyar wanda ba ya buƙatar wuƙa ko gari. Ya gaya wa almajirinsa Wu Pu cewa jiki yana son aiki, amma kada a kai shi maƙura. Motsi ne ke narkar da abinci, ya sa jini ya gudana, cuta ta rasa wurin zama, ya kuma kwatanta masa da ƙafar ƙyauren da ake buɗewa ana rufewa kullum, wadda ba ta ruɓewa. Sinawa sun daɗe da irin wannan miƙe jiki. A wani kabari da aka rufe a shekara ta 168 kafin Miladiyya, aka tono a Mawangdui a 1973, an samu ƙyallen siliki mai zanen mutum 44 kowanne yana wani salon miƙa. Abin da Hua Tuo ya yi shi ne ya tattara su a tsari guda mai sauƙin riƙewa, ya kira shi wasan dabbobi biyar: damisa, da barewa, da beya, wato ƙatuwar dabbar nan mai gashi ta ƙasashen sanyi, da biri, da tsuntsu. Mai yi yana kwaikwayon kowacce. Ya miƙa hannu ya damƙo kamar damisa, ya juya wuya ya waiwaya kamar barewa, ya yi rangaji da ƙugu kamar beya, ya ɗage kafaɗu ya sake kamar biri, ya buɗe hannuwa ya ja numfashi kamar tsuntsu zai tashi. Shawararsa ita ce duk lokacin da mutum ya ji jikinsa ba daidai ba, ya tashi ya yi wasan dabba ɗaya har gumi ya ɗan tsatso. Wu Pu ya riƙe wannan, aka ce ya haura shekara 90 idonsa garau, kunnensa na ji, haƙoransa ba wanda ya faɗi.

Shahararsa ce ta kai labarinsa kunnen Cao Cao. Mai karatun Hausa zai so ya karanta sunan da sautin ca, amma masu harshen suna furta shi kusa da Tsao Tsao. An haife shi a 155, kuma ɗan garinsu Hua Tuo ne, shi ma daga Qiao ya fito. A 196 ya ɗauke sarkin daular ya kai shi birnin Xu, ya zama shi ke mulki da sunan sarki. A shekarar 200 ya karya babban abokin hamayyarsa Yuan Shao a yaƙin Guandu, arewacin Sin ta soma zama tasa. Jarumi ne, mawaƙi ne, ga kaifin basira, ga kuma zargi da saurin hukunci. Sannan yana da ciwon da mayaƙansa ba su iya tare masa ba, wanda likitocin zamanin suke kira iskar kai. In ya taso masa, zuciyarsa ta rikice, idanunsa su yi duhu. Ya daɗe da shi har ya shiga hirar fada: an ruwaito cewa wata rana yana kwance da ciwon aka kawo masa rubutun magatakardansa Chen Lin, daɗin rubutun ya sa ya tashi zaune ya ce ya warke. Likitocin yau da suka karanta alamomin, da yawansu ciwon ɓarin kai suke zato. Ba abin mamaki ba ne ga mutumin da ya shafe shekaru yana kwana da sulke, yana zargin na kusa da shi kafin na nesa.

Aka kira Hua Tuo. Bai taɓa kan ba. Ya soka allurarsa a wurin da littafin ya danganta da shamakin da ke tsakanin ƙirji da ciki, wanda likitocin baya suka ɗauka a gadon baya yake, gefen ƙashin baya, daidai ƙasan allon kafaɗa. Nan take ciwon ya lafa. Cao Cao ya ga abin da bai taɓa gani ba, ya ce likitan ya zauna kusa da shi. Da ciwon ya ƙara tsanani daga baya, Hua Tuo ya faɗa masa abin da masu mulki ba su cika son ji ba: wannan ciwo ba ya tumɓukuwa a kwana kusa, sai dai a yi ta jinya a hankali, a ja kwana.

A nan halin likitan ya fito da ɓangarensa na biyu, kuma Chen Shou bai ɓoye ba. Hua Tuo yana ganin kansa malami, yana yawan nadamar cewa da magani aka san shi, domin a Sin ta wancan zamani likita mai sana'ar hannu ne, ba ya zama a sahun masu ilimi. Ko a ƙasar Hausa an san irin wannan: wanzami yana da Sarkin Aska, yana shiga gidan sarki, amma ba a shimfiɗa masa buzun alƙali. Mutumin da ya ƙi muƙami sau biyu ya wayi gari bara a ƙofar wani, yana jiran kai ya sara a kira shi. Ya nemi izinin zuwa gida na ɗan lokaci, aka ba shi. Da ya isa sai ya aiko cewa matarsa ba ta da lafiya. Wa'adi ya cika ya nemi ƙari, ya sake nema. Cao Cao ya yi ta aika takardu, ya sa hukumomin yankin su taso shi, bai motsa ba.

Daga ƙarshe Cao Cao ya tura a bincika, da umarni mai baki biyu. In matar da gaske tana kwance, a ba likitan awo 40 na ƙananan wake, kowane awo kusan lita 20, a ƙara masa hutu. In ƙarya ce, a kamo shi. Aka tarar da matar lafiya lau. Aka kai shi kurkukun Xu, aka tuhume shi, ya amsa laifinsa. Xun Yu, babban mashawarcin Cao Cao, ya roƙa a yi masa afuwa, yana mai cewa rayukan mutane da yawa sun rataya a kan gwanintarsa. Cao Cao ya yi watsi da roƙon, ya kwatanta likitan da ɓera, ya ce irinsa ba sa ƙarewa a duniya.

Da ya tabbatar ba zai fita ba, Hua Tuo ya fito da wani naɗaɗɗen littafi ya miƙa wa mai gadin kurkuku, ya gaya masa abin da ke ciki yana ceton rai. Mai gadin ya ji tsoron hukuma, ya ƙi karɓa. Likitan bai matsa masa ba. Ya nemi wuta ya ƙona shi. An kashe shi a shekarar 208 ko dab da ita. Ba wani rubutu da ya saura wanda masana suka yarda daga hannunsa ya fito, littattafan da ke yawo da sunansa na baya ne suka rubuta.

Mafi yawan Sinawa ba wannan labari suka sani ba. Sun san wanda ke cikin shahararren littafin ƙagaggen labari na Masarautu Uku, da ake danganta wa Luo Guanzhong na ƙarni na 14, wanda aka yi finafinai da wasannin talabijin a kansa. A can ne aka ce Hua Tuo ya nemi ya bugar da Cao Cao da mafeisan ya fasa masa ƙoƙon kai da gatari ya ciro cutar, shi kuwa ya ɗauka makircin kisa ne. A can ne kuma aka ce ya kankare dafin kibiya daga ƙashin hannun jarumi Guan Yu, jarumin yana wasan dara bai ko yamutsa fuska ba. Littafin ya ajiye wannan a wajen 219, lokacin likitan ya shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Labarin gatarin ya fi armashi a bakin mai ba da labari, amma na tarihin ya fi ciwo, domin babu makirci a ciki. Likita ne da ya gaji da zaman fada ya yi ƙarya don ya zauna a gida, da majinyacin da ya ɗauka duk wanda bai warkar da shi ba da gangan ya ƙi.

Haka kuwa Cao Cao ya faɗa bayan kisan, da kan ya ci gaba da sara masa. Ya ce likitan yana iya raba shi da ciwon, rainonsa yake yi don a riƙa bukatarsa, ko an bar shi da rai ba zai taɓa cire tushen ba. Bai sauko daga wannan magana ba sai da ɗansa Cao Chong ya kwanta. Wannan yaro shi ne abin ƙaunarsa, wanda ake ba da labarin ya auna nauyin giwa ta hanyar sa ta a jirgin ruwa a yi alama, sannan a zuba duwatsu har jirgin ya nutse zuwa alamar. Ya rasu a 208 yana ɗan shekara 12 ko 13. A lokacin ne uban ya furta cewa ya yi nadamar kashe Hua Tuo. A ƙarshen wannan shekara kuma annoba ta shiga rundunarsa a bakin kogin Yangtze, aka ƙone masa jirage a yaƙin Jan Dutse, burinsa na haɗe Sin ya tsaya nan.

Garin sa barcin ya tafi da mai shi, amma almajirai sun riƙe abin da suka gani da ido. Fan A na Pengcheng ya ci gaba da aikin allura, yana soka ta a baya da zurfin da sauran likitoci ke tsoro, kuma jerin wuraren sokawa da ke gefe biyu na ƙashin baya har yau da sunan Hua Tuo ake kiransu. Wu Pu ya bar littafi a kan itatuwan magani. Wasan dabbobi biyar ya bi hannu zuwa hannu har gwamnatin Sin ta sa shi cikin jerin kayan gadon ƙasa a 2011, shekara guda bayan hukumar UNESCO ta sa aikin allura a nata jerin. Da sassafe a filayen shaƙatawa na biranen Sin ana ganin tsofaffi da ma'aikata suna yinsa kafin a tafi aiki. Garinsu Bozhou kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan kasuwannin itatuwan magani na ƙasar.

Cao Cao ya rayu shekara 12 bayan likitansa, ya rasu a Luoyang a shekarar 220, ɗansa Cao Pi ya sauke sarkin Han na ƙarshe ya hau gadon. A watan Disambar 2009 hukumomin lardin Henan suka sanar da cewa sun gano kabarinsa a kusa da Anyang, ko da yake wasu masana sun yi jayayya a kan haka. Ɓarayi sun riga masu bincike shiga, amma an ƙwato wasu kayan daga hannunsu. A ciki akwai wani matashin kai na dutse, mai lotsawa a tsakiya daidai zaman wuya. An sassaƙa rubutu a jikinsa da ke nuna cewa dutsen da Sarki Wu na Wei, wato Cao Cao, ya saba amfani da shi ne don lallashin wuyansa.